Mai Igiya da Kantar Dutse

Shekara tara ina hawa dutsen nan sau huɗu a shekara, kuma duk hawan da na yi kalma ɗaya nake rubutawa a gurbin da fom ya tanada don yanayin wuri: tsaf. Sau talatin da shida ke nan. Na ciro fayil na ƙirga su ɗaya bayan ɗaya ranar da aka ba ni takardar sallamar Mai Igiya.

Ni akawu ne a ofishin kula da gandun daji. Duk wasiƙa ko ƙunshi da ya shigo, ni ke ba shi lamba, in buga masa hatimi, in shigar da shi rajista. Cikin wuraren da ofishinmu ke kula da su akwai mahanga, wato wani fili a ƙololuwar dutse inda ƙasa ta yanke tsaye kamar an sa wuƙa. Mota takan kai mutum ƙauyen da ke gindin tuddai, daga nan sai tafiyar ƙafa ta awa uku idan gwiwa na da lafiya. Mutanen birni suna zuwa ƙarshen mako da jakunkunan goyo da tantuna, su kwana biyu, su ɗauki hoto da faɗuwar rana, su sauka. Mai Igiya shi kaɗai ne ma'aikacinmu a can. A takarda, mai shara ne.

Kafin ya zo mana haƙar rijiya yake yi, sana'ar da ya koya wurin kawunsa. Ya yi shekara ashirin da 'yan kai yana shiga ƙasa da igiya a ƙugu, har injin burtsatse ya zo ya kashe musu kasuwa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa kamar ɓawon itace, ƙaramin yatsansa na hagu ba ya lanƙwasuwa tun wata rijiya da ta rufta da shi a ciki. Gidansa na ƙauyen, shi da matarsa. 'Yarsu guda tana aure gida huɗu tsakani, da 'ya'yanta uku. Duk inda za shi da igiya naɗe a kafaɗarsa, daga nan sunan ya bi shi. Ni na ɗauka sabo ne kawai na wanda ya daɗe a rijiya, don haka ban taɓa tambayarsa ba.

Ranar dubawa kullum iri ɗaya ce. In iso ina haki, ya tare ni a bakin bukkar kwano inda yake ajiye tsintsiya da shebur, ya miƙo mini ruwa a kofi. In tsaya kusa da allon sanarwa in bi filin da ido. Babu leda, an kwashe tokar murhu, an wanke masai. In rubuta tsaf, in sa hannu, in sauka. Daga allon zuwa bakin dutsen taku goma sha biyu ne. Ban taɓa wuce allon ba, saboda ni ko tsani na hau sai jiri ya ɗebe ni.

Sabon darakta ya zo mana da niyyar rage ma'aikata. Mutum ne mai ƙamshin turare, shi ma mai son hawa dutse, har da hotonsa a bango yana riƙe da sanda. Wata Alhamis ya kira ni, fayil ɗin mahanga a buɗe a gabansa.

"Akawu, wannan sa hannunka ne?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe."

"Tsaf, tsaf, tsaf, shekara tara. To wurin da yake tsaf, me mai shara yake sharewa?"

Na ce ai don yana sharewa ne wurin yake tsaf. Ya yi murmushi irin wanda ake yi wa tsoho.

"Na kwana a can da abokaina watan jiya. Masu hawa dutse wayayyun mutane ne, kowa da ledarsa a hannu. Ko ɓawon ayaba ban gani ba. A kafa allo a ce kowa ya sauka da shararsa, shi ke nan. Ƙarshen wata mai zuwa a sallame shi. Kai za ka kai masa takardar, tunda ka san hanya."

Na hau ranar Litinin da sassafe, abin da ban taɓa yi ba, don ranar dubawa Laraba ce kuma ana sanar da shi tun da mako. A tsakiyar hanya na gamu da ayarin da suka kwana a sama, su goma sha ɗaya, na ƙirga su. Takalma masu tsada, huluna masu faɗi, ɗaya da jariri a goye a ƙirji. Na gaba ya tsaya ya ba ni hanya da ladabi.

"Sannu Baba, saura kaɗan. Wurin sai ka gani, kamar ba a duniya ba."

"Kun bar shi lafiya dai?"

"Ko tsinke ba mu bari ba."

Na lura jakunkunansu duk sun lafe a bayansu, amma na ce ai sun cinye abin da suka hau da shi ne.

Da na iso filin babu kowa. Ciyawa ta kwanta inda aka kafa tantuna, kwari na shimfiɗe can ƙasa cikin hazo, tuddai na bin juna har inda ido ya ƙare. Bukkar a buɗe take. Na yi sallama shiru. Sai na ga igiya ɗaure a wani turken ƙarfe wanda na daɗe ina ɗauka na ɗaure tanti ne. Ta miƙe tsaye a kan dutse, ta wuce allon, ta ɓace a baki, tana motsi kaɗan-kaɗan.

"Baba Mai Igiya?"

Murya ta taso daga ƙasa. "Wane ne?"

"Akawu ne."

"Yau ba ranarka ba ce, Malam Akawu. Tunda ka zo, ga siririyar nan kusa da babbar. Ja mini."

Na kama siririyar igiyar na ja, ina tsaye a bayan allo. Da nauyi. Can sai buhu ya haye bakin dutse ya biyo igiyar yana jan ciki, yana barin jiƙaƙƙen layi a bayansa, ƙudaje koraye na biye da shi. Kafin ya iso gabana ɗoyin ya riga shi. Na saki igiyar na toshe hanci da gwiwar hannu.

"Kada ka sake ta, za ta dawo mini a ka. Ɗaure ta a turke. In kana son ganin inda nake, kwanta rub da ciki ka matso. Dutsen ba ya zuwa ko'ina."

Ban san abin da ya sa na yarda ba. Na ajiye jakata, na kwanta da farar rigata, na ja jiki taku goma sha biyun nan da gwiwar hannu, na leƙa.

Kamar gaba huɗu, wato tsayin mutum huɗu, ƙasa da ni dutsen ya turo wani harshe, faɗinsa ya kai ɗaki, tsawonsa ya kai ɗaki uku. Wanda ke tsaye a sama ba zai gan shi ba, don bakin dutsen ya rufe shi kamar rumfa. Shi Mai Igiya kanta yake ce masa, irin ta shago. A kan kantar nan yake tsaye, igiya a ƙugu, ƙyalle a hanci, sanda mai ƙugiya a hannu, kuma babu inda zai sa ƙafa sai kan kayan mutanen da na gaisa da su a hanya. Baƙaƙen ledoji ɗaurarru, wasu sun fashe da suka faɗo, bayan gida ya fantsama a jikin dutse yana bushewa a rana. Kunzugun jariri guda biyar, ɗaya a buɗe. Kwalaben roba cike da fitsari, rana ta dafa su sun kumbura. Gwangwanayen kifi, ƙasusuwan kaza da tsutsa ke yawo a kai, shinkafar da ta yi yauƙi, audugar mata, takardun goge jiki sun manne a kan ƙaya kamar an shanya su. Iska ta juyo ta kawo mini duka a fuska.

Na yi amai. Inda nake kwance babu inda zai tafi sai ƙasa.

Mai Igiya ya matsa gefe, ya dubi inda ya sauka, ya ɗago kai ya dube ni.

"To. Ka ƙara mini aiki."

Sai da ya cika buhu uku ya hawo, hannu bayan hannu, ba gaggawa. Ya zauna nesa da ni ta inda iska ke tafiya, ya wanke hannu da sabulu har gwiwa, sau biyu, da ruwan jarka. Na tambaye shi me ya sa suke haka alhali ga masai.

"Masai na can bayan itatuwa, taku ɗari biyu. In duhu ya yi kowa tsoron maciji yake. Sai a yi a leda a bayan tanti. Da safe kuma wa zai goya kashinsa awa uku? Sai a zo baki a wurga, a ga ta ɓace. Su a ganinsu ta tafi kwari."

"To ka bar ta mana. Wa yake ganinta?"

Ya dube ni kamar yadda nake duban wanda ya kawo wasiƙa babu kwanan wata.

"A bayan kantar akwai tsagi, hannuna na shiga har kafaɗa. In an yi ruwan sama, duk abin da ke kan kanta nan yake wankewa ya shiga. Ka san idon ruwan da ƙauye ke ɗiba?"

Na san shi. A nan nake cika gorata duk zuwa, kuma daga nan ruwan kofin da yake ba ni yake fitowa.

Ya ce daminarsa ta farko a aikin, gudawa ta kama yaran ƙauye, har da jikarsa ta fari tana goye a lokacin, sai da aka kwana shida da ita a asibiti. Kowa na cewa iska ce. Shi da ya yi rayuwarsa a rijiya ya san ruwa ba ya lalacewa haka kawai, daga wani wuri yake ɗauko abin. Ya bi dutsen da kallo daga ƙasa har ya hango kantar. Ya ciro tsohuwar igiyarsa ya sauka, ya ga abin da ya gani. Don ya tabbatar, ya sayi ƙullin bula ta wanki guda ashirin ya zuba a tsagin ana gab da ruwa. Kwana biyu bayan nan matan ƙauye suka ɗebo ruwa mai shuɗi-shuɗi. Tun daga ranar yake sauka duk Litinin, in baƙi sun yi yawa har da Alhamis.

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Na faɗa wa wanda ka gada. Ya duba takardarsa ya ce babu gurbin kanta, kuma in aka ji ina sauka da igiya za a hana ni, don ba a ɗauke ni aikin igiya ba. Sai na yi shiru. Kai kuma da ka zo, a allo kake tsayawa."

Na ciro takardar. Ya ce in karanta masa, idonsa ba ya kama ƙananan rubutu. Na karanta har inda aka ce an gode masa bisa hidimarsa. Ya karɓa ya ninke ta huɗu ya sa a hula.

"Damina saura wata biyu," ya ce.

"Ba za ka iya ci gaba da hawa ba, ko ba aikin?"

"Da me za a ci abinci? Surukina ya daɗe yana cewa akwai gadi a birni. In na tafi, na tafi. Samarin ƙauye kuwa na gwada uku, duk wanda ya leƙa sai ya yi abin da ka yi."

Muka sauko tare. Ya rataya buhu biyu a sanda ya saɓa, na uku ya dube ni ya dubi buhun. Na ɗauka. Awa biyu da rabi yana buga mini baya, wani ruwa na bin rigata yana gangarawa cikin wando. Can bayan ƙauye, ƙasa da idon ruwan, yana da rami da ya haƙa da kansa inda yake ƙona abin da zai ƙonu ya binne saura. Na ƙirga tuddan ramukan da ya riga ya rufe, arba'in da ɗaya.

A gidansa akwai doka. Ba ya shiga ta ƙofa. Yakan zagaya baya, inda matarsa ta ajiye bokiti biyu da sabulu, ya tuɓe, ta ɗauki kayan da sanda ta jefa a ruwan zafi. Ranar ta leƙo ta katanga ta gan mu biyu.

"Yau har da ɗan rakiya? Wannan kuma wa ya jefa shi a masai?"

"Akawun ofis ne."

"Au, kai ne mai tsaf ɗin." Ta ƙare mini kallo daga hula har takalmi. "Sannu da zuwa. Sai a ƙara bokiti."

Ta ba ni aron rigar mijinta, wadda ta tsaya mini a cibiya. Muna zaune a tsakar gida ya ba ta labarin takardar. Ba ta daina tankaɗen da take yi ba.

"Ni dai hancina zai huta. Shekara goma ina aure da warin mutanen da ban taɓa gani ba. Ko ya yi wanka sau uku yana nan a farcensa, jikokinsa in ya miƙo musu abu sai sun sunsuna kafin su karɓa."

"Inna, ai ba a gama magana ba," na ce.

"Wa zai gama ta, kai? Ruwan nan jikokina ke sha, Malam. Ka je ka rubuta musu wannan, in akwai gurbinsa."

Na rubuta. Shafi huɗu, da zanen kantar da tsagin, da kwanakin da bula ta yi kafin ta fito, da adadin ramuka. Darakta ya dawo mini da shi washegari da rubutu a kusurwa: ba a kan fom yake ba. Na nuna masa hotunan da na ɗauka da waya. Ya ture wayar da bayan biro ya ce irin wannan juji ko'ina ana samunsa, kuma ya za a yi in zo da shafi huɗu in ƙaryata sa hannuna talatin da shida. Na roƙe shi ya hau ya leƙa da idonsa. Ya ce ya riga ya je, ya gani. Mako uku suka wuce a haka.

Makon da ya kama aiki, daraktan nan ya fitar da sanarwa mai lamba ɗaya, ina da kwafinta. Ta ce duk abin da ya shigo ofis aka ba shi lamba a rajista, a kai shi ɗakinsa cikin awa guda, kuma kada kowa ya fitar da shi sai ya sa hannu ya rubuta abin da za a yi da shi. Ya yi haka ne don kada wasiƙa ta wuce bai gani ba. Na karanta sanarwar sau uku. Ba ta ce wasiƙa ba, ta ce duk abin da ya shigo.

Na koma ƙauye ranar Asabar na faɗa wa Mai Igiya abin da nake so. Ya ƙi.

"Ƙazanta ba a kai ta inda mutane ke zaune. Ni aikina in raba ta da mutane."

"Baba, buhu ɗaya ne."

"Ko rabi ne. Akwai mata a ofishin nan, akwai masu cin abinci a tebur. A'a."

Matarsa na gefe tana tsince wake tana jinmu. Ranar Talata ƙarfe tara da kwata sai ga ta a bakin tagar ofishina, da mayafinta na fita unguwa, da buhu a cikin buhu a cikin buhu, an ɗaure bakinsa da tsumma.

"Direban motar ya sa ni a baya da awaki," ta ce. "Awakin ma sun matsa. Ina ake dangwalawa?"

Na ɗora shi a sikelin da muke auna ƙunshi, kilo goma sha ɗaya da rabi. Na ba shi lamba ɗari biyu da goma sha huɗu. A gurbin bayani na rubuta: buhu ɗaya daga mahanga, sharar kanta ta ƙarshen mako guda, kashi ɗaya cikin uku. Na ɗaura masa kati, na buga hatimi, ta dangwala yatsa. Ƙarfe goma saura kwata na ajiye shi a kan kafet kusa da tiren wasiƙun darakta, na ja ƙofa.

Darakta na taro a hedikwata sai azahar. Wuta ta ɗauke ƙarfe goma sha ɗaya, na'urar sanyi ta tsaya, tagoginsa kuwa a kulle suke. Kafin sha biyu mai buga takardu ta naɗe hancinta da gyale ta kwashe injinta ta koma baranda. Masinja ya zo ya tambaye ni ko ɓera ne ya mutu a silin. Na nuna masa rajista.

Ƙarfe biyu da minti goma darakta ya buɗe ƙofarsa. Ya tsaya, ya ja baya, ya ciro hankici.

"Akawu. Mene ne wannan?"

"Lamba ɗari biyu da sha huɗu ce, ranka ya daɗe."

"A fitar da shi yanzu."

"Sai ka sa hannu, ranka ya daɗe. Sanarwa ta ɗaya."

Na miƙa masa rajistar a buɗe. Gindin buhun ya riga ya jiƙe, wani baƙin ruwa ya yi da'ira a kafet, tsutsa biyu sun fito ta ɗinki suna nufar ƙafar teburinsa. Ya karɓi biro, sai ya tsaya. Mutum ne mai kaifin kai, ban taɓa hana shi wannan ba. Abu uku ake rubutawa a gurbin: a ajiye, a mayar, ko a ɗauki mataki. In ya ce a ajiye, a ɗakinsa zai zauna. In ya ce a mayar, ya ba da umarnin zuba shara a gandun da aka ba shi tsaro. Kuma ko me ya rubuta, sa hannunsa ya nuna ya karɓa ya sani, wata guda kafin damina, idan yaran ƙauye suka kwanta aka zo bincike.

"Ka san abin da kake yi wa kanka?" ya ce ta cikin hankici.

"Na sani, ranka ya daɗe. Saura buhu biyu na wannan makon, in ana buƙata."

Ya rubuta a tsaye, rajistar a jingine da bango: a dakatar da sallama zuwa bayan damina, a sake dubawa. Ya jefa mini biron ya fita ya zauna a motarsa. Kafin a tashi na samu takardar gargaɗi, ta farko a shekara ashirin da uku. Ni na ba ta lamba.

An sa hannu, amma babu wanda ya yarda ya taɓa buhun. Mai sharar ofis ta ce a sallame ta ya fi mata. Haka ya kwana. Washegari da safe sai ga Mai Igiya, igiya a kafaɗa, bokiti da buroshi a hannu. Bai amsa gaisuwata ba.

"Na ce maka kada a yi."

"Baba, an dakatar da sallamar."

"Na ji. Ita ma na yi mata faɗa, ta ce in je in kai ƙara ofis." Ya leƙa ɗakin ya girgiza kai. "Dubi yadda kuka ɓata wa mutane shimfiɗa."

Ya fitar da buhun, ya dawo ya durƙusa yana goge kafet da sabulu. Yana cikin haka darakta ya shigo ɗaukar makullinsa, waya a kunne, ya tsallake ƙafafun tsohon ba sannu ba kallo. Ina ji yana ce wa wanda ke layi su shirya ƙarshen wata su hau, wurin babu kamarsa, ko tsinke ba ka gani. Na taɓa ɗaukar irin buhun nan a bayana awa biyu da rabi, na kuma leƙa kantar da idona, amma ban ji ƙyama irin ta wannan lokacin ba. Mai Igiya bai ɗago ba. Ya matse tsumma a bokiti ya ci gaba.

Damina ta zo ta wuce, babu yaron da ya kwanta. Da aka sake dubawa aka ƙara masa wata shida, sannan wata shida, yanzu karo na huɗu ke nan. Ba a soke takardar sallamar ba, tana cikin fayil, kuma har yau a takarda mai shara ne, babu inda aka ambaci igiya. An kafa allon da darakta ya ce, kowa ya sauka da shararsa. Mutane suna tsayawa a gabansa su ɗauki hoto. Na nemi a ƙara gurbin kanta a fom, an ce fom daga hedikwata yake zuwa, don haka a gefen takarda nake rubuta adadin buhuna da ƙaramin rubutu. Bara ɗari da sittin da takwas ne.

Shekarunsa sittin da uku yanzu, gwiwarsa ta dama ta fara ƙara in yana hawowa. Ni kuma Litinin ɗin farko ta kowane wata nake zuwa, da tsohuwar riga. Watan jiya na tarar da igiyar a miƙe, na kwanta na ja jiki zuwa baki na yi sallama. Ya ɗago kai daga cikin ƙudaje, ya sauke ƙyallen hancinsa.

"Malam Akawu, ka karya kafin ka hawo?"

"Ban ci komai ba."

"Madalla. Ja siririyar."